Kwalbar da Ban Buɗe Ba

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin rigakafi shi ne gadin ƙanƙara. Ba zolayarku nake yi ba. Sista Rifkatu, wadda na koyi aiki a hannunta a wani ƙaramin asibiti a Kakuri, ta ciro robobin ƙanƙara huɗu daga firiza, ta jera su a kan tebur, ta jawo min kujera. Ta ce in zauna in riƙa girgiza su ɗaya bayan ɗaya, sai na ji ruwa ya fara motsi a ciki sannan in kira ta. Ni kuwa ga ni da takardar makaranta, ga farar riga ta sha guga, ina zaton ranar nan za a miƙo min sirinji. Haka na zauna ina kai roba kunne kamar mai sayen kwakwa, iyaye mata suna leƙe ta taga suna tambayar juna ko sabuwar nas ɗin lafiyarta ƙalau.

Sai da muka tashi ta gaya min dalili. Wasu alluran zafi ne ke kashe su, wasu kuma daskarewa ce ke kashe su. Idan kika jingina kwalba da ƙanƙarar da ta fito firiza yanzu-yanzu, kafin ki kai inda za ki ta lalace, kuma ba za ta nuna miki a ido ba. Za ki tsira wa ɗan mutane, ya yi kukansa, uwarsa ta yi miki godiya ta tafi gida da kwanciyar hankali, alhali ruwa kika ba shi.

Ku da ake turo mana yanzu daga makarantar kiwon lafiya, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai ɗakin Anti Asabe wurin hutu ne, ba jini ba tashin hankali, a tsira allura a rubuta a kati a ci gaba da latsa waya. Ban ji haushi ba, ni ma haka na ɗauka. Ku dai yanke faratan nan tukuna, ku zauna in ba ku labari.

Sista Rifkatu 'yar kudancin jihar nan ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, ga murya kamar ta kwandasta. Ba ta yabon mutum a gabansa. Idan kika yi abin kirki sai ta ce "hm," idan kuma kika yi abin da ya burge ta ƙwarai sai ta raba ƙosanta biyu ta tura miki rabi ba tare da ta dube ki ba. Shekara uku na yi da ita, ƙosanta sau huɗu na ci, kuma har yau ina iya gaya muku abin da na yi a kowane.

Wata safiya ta ɗaga wata 'yar kwalba tsakanin yatsunta ta ce, "Asabe, mene ne a cikin nan?"

Na ce, "Magani."

Ta ce, "Maganin me? Yaron da za ki yi wa, ciwo yake yi?"

Na sake duban kwalbar.

Ta ce, "Ba magani ba ne. Cutar ce da kanta, an karya mata ƙarfi. Ki riƙe wannan, in ba haka ba duk rayuwarki za ki riƙa tsira allura ba ki san abin da kike yi ba."

Daga nan ta buɗe min abin da malamanmu suka yi wata shida suna rubutawa a allo bai shiga kaina ba. A cikin jinin kowane mutum akwai sojojin jiki. Jarumai ne, amma suna da wani hali: abin da ba su taɓa gani ba, ba sa saurin gane shi. Sai sun tsaya sun ƙare masa kallo, sun ƙera makamin da ya dace da shi, sun yawaita, kuma wannan yana cin kwanaki. Cuta mai ƙarfi ba ta jira, kafin su gama shiri ta ci rabin gida. To mu aikinmu shi ne mu riga ta zuwa. Mu kawo musu irinta wadda ba ta da ƙarfi, ko wani ɗan yanki nata, su gwada hannu a kanta, su kayar da ita, su ajiye kamanninta a ransu. Ranar da ta gaskiyar ta zo, ba sai an yi musu bayani ba.

Idan tana gaya wa iyaye mata kuwa, gajarce shi take yi. Sai ta ce, "Kun san ɓarawon da aka taɓa kamawa aka zaga layi da shi? In ya sake shigowa, daga bakin titi yara za su fara ihu." Sai ka ga mata suna dariya suna gyara goyo. Idan wata ta dawo washegari a fusace, tana cewa mun sa wa ɗanta zazzaɓi, Sista ba ta musu. Takan taɓa goshin yaron ta ce, "Madalla, an fara aiki a ciki. Ki ba shi nono, ki rage masa kaya. In ya wuce kwana biyu, ko ya ƙi kama nono, ki kawo min shi ko ina coci ne."

Masu zuwa wurinmu kuwa, iri-iri. Akwai wani makanike Ibo, Oga Emeka, ƙato ne wanda ke ɗaga giyabos na mota shi kaɗai. Shi ke kawo tagwayensa saboda matarsa na shago. Da na ɗauko sirinji sai ya juya fuskarsa bango ya ce, "Anti, abeg, a yi sumol-sumol," wato a yi a hankali, kuma wallahi sau biyu sai da muka ba shi ruwa ya sha bayan yaran sun daina kuka. Akwai tsofaffi masu kawo jikoki da katin da ya sha manja da ruwan sama har ba a ganin rubutu, sai dai ki ɗaga hannun yaro ki nemi tabon allurar farko a damtse. Duk na so su, har masu zagina.

Yanzu bari in zo kan allurar ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, domin a kanta na yi kuskuren da ya fi kowane girma a aikina.

Ita wannan ba a yin ta sai yaro ya kai wata tara, kuma da dalili. Tun yana ciki uwarsa ke yi masa guzurin kariya daga nata jinin. Wannan guzurin ne ke tsare shi a watannin farko. Idan kika yi gaggawar yi masa allura, kariyar uwar ce za ta cinye raunanniyar cutar kafin jikinsa ya koyi komai. Amma guzurin ƙarewa yake yi, wajen wata tara ya kusa zama babu. A nan yaro yake tsaye a fili, na uwa ya tafi, nasa bai zo ba. Kuma ko kin yi masa allurar yau, jiki na bukatar kamar sati biyu kafin ya gama shirinsa.

Kwalbarta kuma tana da nata sharaɗin. Gari ne a ƙasan kwalba, sai kin zuƙo ruwansa na musamman kin haɗa. Kwalba ɗaya ta yara goma ce. Da kin haɗa, awa shida gare ki, abin da ya rage bayan nan sai zubarwa, ko da tara ne suka rage. Saboda haka a kusan kowane ɗakin rigakafi akwai wata doka da ba a rubuta ta ko'ina ba: ba a buɗe kwalba sai yara sun taru. Sista Rifkatu ma ba ta son ɓarna ko kaɗan. Sau nawa tana leƙowa da rana tsaka ta ce, "Asabe, saura shida a kwalba, fita ki nemo min yara." Sai in bi layin masu gyaran mota, in shiga gidajen haya, ina tambaya wa ke da ɗan wata tara. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne zubar da allura babban abin kunya ne.

Shekarar da nake ba ku labari muguwar shekara ce. Masaƙu sun rufe, mazan da muka saba gani suna tururuwa da safe sun koma zaman benci. Allura ma ba ta isowa yadda ya kamata, sai a aiko mana rabin abin da muka nema, masu duba aiki kuma in sun zo ba abin da suke tambaya sai yawan abin da aka zubar. Cikin zafin bazarar nan aka tura Sista kwas na wata guda, ta bar min makullin firij. Ranar na ji kaina ya yi girma.

Talata ce ranar allurar ƙyanda a wurinmu. A Talatar farko da na riƙe ɗakin, na buɗe kwalba da safe, yara goma cif, kafin sha ɗaya ta ƙare, ko ɗigo ban zubar ba. Na share tebur, na wanke hannu, ina jin daɗin kaina. Wajen ɗaya da rabi sai ga Saratu ta shigo tana haki.

Saratu mun san ta tun tana awon ciki. A Kakuri suke da, lokacin mijinta yana masaƙa, da aiki ya ƙare suka koma Romi inda haya ta fi sauƙi. Ƙosai da kunu take sayarwa a bakin titi, ba ta tashi sai ta sallami masu karin safe. Duk da nisan ba ta canza asibiti ba, wai hannunmu ta saba da shi. Ta sauko da 'yarta Godiya daga baya, 'yar dumurmur, haƙora biyu a ƙasa, tana ta miƙa hannu za ta cafke biron da ke aljihuna.

Ta ce, "Anti Asabe, sori, bas ne ya lalace mana a hanya. Yau ta cika wata tara da kwana huɗu, na ƙirga."

Na dubi benci, ba kowa. Na dubi agogo. Akwai kwalba uku a firij, na san da su domin da hannuna na jera su. Idan na buɗe ɗaya saboda Godiya, tara za su tafi kwandon shara a satina na farko, kuma ni zan tsaya gaban masu duba aiki in yi bayani. Ban ce mata babu ba, ban kuma ce akwai ba. Na ce, "Ai kin makara, Maman Godiya, an gama na yau. Ki dawo Talata mai zuwa, amma ki zo da wuri."

Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Laifina ne, Anti." Har ta ciro ƙosai biyu da suka rage mata a leda ta ajiye min a tebur, ta mayar da 'yarta baya ta fita. Na cinye su kuwa.

Talatar da ta biyo ba ta zo ba. Daga baya na ji surukarta ce ta kwanta ciwo a ƙauye, suka tafi jinya sati biyu. Abin da ya fi damuna har yau shi ne ban ma lura ba ta zo ba. Ban rubuta sunanta a ko'ina ba, ban aika kowa ba.

Kwana biyu da dawowar Sista daga kwas, Saratu ta shigo da gudu ba sallama. Da ta kwance goyon sai da na ja da baya. Jikin Godiya kamar garwashi, ƙuraje sun feso daga bayan kunne sun rufe fuska sun gangara ƙirji, idanun sun kumbura sun manne da kwantsa, tari kuma ba ya barin ta ta ja numfashi. Sista ta karɓi katin ta duba, layin wata tara ba komai.

Saratu ta ce, "Na zo, Sista, wallahi na zo. Makara na yi, na tarar an gama."

Sista ta ajiye katin. Ta ɗiga wa yarinyar bitamin a baki, ta goge mata ido, ta rubuta takarda zuwa babban asibiti, ta fita da kanta ta tare musu mota. Sai da motar ta tashi ta dawo ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Kwalba nawa ke firij ranar?"

Na ce, "Uku."

"Yara nawa ke benci?"

"Ita kaɗai."

Na zaci za ta ɗaga muryar nan tata har a ji a titi. Da ta yi hakan da ya fi min sauƙi. A hankali ta ce, "Asabe, shekara nawa kina tare da ni? Kin taɓa ganin na mayar da yaro gida?"

Na ce, "Amma ke kike cewa kada a yi ɓarna. Ke kike aikena neman yara."

Ta ce, "Yaushe nake aiken ki? Kafin in buɗe, ko bayan na buɗe?"

Nan na gane. Kullum sai ta ce saura shida, saura bakwai. Wato ta riga ta buɗe wa wanda ya zo, ta sallame shi, sannan take tura ni in nemo waɗanda za su cinye ragowar. Shekara biyu ina yawon nan cikin rana, na haddace tattalin, ban taɓa lura da wanne ke zuwa farko ba. Na zauna na ƙirga kwanakin a yatsa. Da na buɗe ranar, da jikin Godiya ya gama shirinsa tun kafin cutar ta shigo gidansu. Na yi kuka, Sista kuma ba ta rarrashe ni ba. Ta ce in tashi in ciro ƙanƙara, Romi za mu.

Gidan hayar da suke zaune ɗaki goma sha ne a jere, famfo ɗaya, yara kuwa kamar an zubo su. A can na ga abin da ake koya mana da idona. Yaron da ya kawo cutar daga makaranta ba a taɓa yi masa allura ba, shi da ƙanwarsa suna kwance. Amma ga wasu yara uku da suke cin abinci kwano ɗaya da su, suna kwana tabarma ɗaya, suna ta tsalle a tsakar gida ko atishawa babu. Muka karɓi katunansu, duk an yi musu. Ga kuma jaririya 'yar wata uku a ɗakin da ke manne da na Saratu, lafiyarta ƙalau, guzurin uwarta bai ƙare ba tukuna. Sista ta shimfiɗa zani a gindin mangwaro, ta buɗe kwalba tun mutum biyu ne a gabanta, ta ce min, "To, yanzu je ki nemo." Har la'asar muna yi.

Godiya ta yi kwana goma sha ɗaya a babban asibiti. Kullum in na tashi aiki sai in hau bas in je in tsaya bakin gadon, Saratu tana ta yi min godiya, tana gaya wa matan da ke jinya kusa da ita cewa ga nas mai kirki. Ban taɓa jin kalmar da ta yi min nauyi kamar wannan ba. Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, ta rayu. Amma da kumburin ya sauka aka buɗe idanun, na hagu ya yi fari, hakiya ta rufe shi. Likita ya ce na dama lafiya lau, na hagun kuwa sai haƙuri.

Bayan kamar wata guda, wata Talata, na iso asibiti da sassafe domin in ciro ƙanƙara tun kafin kowa ya zo. Mai gadi bai ma gama shara ba. Sai na hangi mutum zaune a dandamalin ƙofarmu. Saratu ce, da Godiya a cinya, an yi mata kitso an sa mata rigar zuwa coci. Yarinyar ta rame, amma tana nan da halinta, da ta gan ni sai ta karkato kai ta dube ni da idon dama, ta miƙo hannu wajen biro.

Saratu ta miƙe tana murmushi ta ce, "Anti Asabe, yau ban makara ba. Ko wuta ban hura ba, na ce ƙosai ya jira."

Na buɗe ƙofa muka shiga. Na san allurar ƙyanda ba ta da sauran abin da za ta koya wa jikin yarinyar nan, ya riga ya koya ta hanya mafi tsada. Amma ƙa'ida ta ce a yi mata, ga kuma ta ciwon shawara da ita ma ake yi a wata tara, wadda na haɗa na hana ta ranar. Na karɓi katin na ajiye a tebur. 

Na ce, "Maman Godiya, zauna in gaya miki wata magana. Ranar nan ma ba ki makara ba. Allurar tana nan cikin firij ɗin can, kwalba uku. Ni ce ban buɗe ba, don ke kaɗai ce, ina tsoron a ce na yi ɓarna."

Murmushin ya tafi. Ta dube ni, ta dubi firij ɗin, ta sunkuya ta dubi fuskar 'yarta ta daɗe. Ina jin ƙarar tsintsiyar mai gadi a waje. Na shirya wa zagi, na shirya wa mari, wallahi da ta ɗaga hannu ba zan kare ba.

Ta ce, "Wata biyu ina cewa ni na yi mata."

Na ce, "Ba ke ba ce."

Ta sa bakin zaninta ta share ido. Sannan ta juya ta dubi bencin da ke bayanta, babu kowa a kai, ko mutum ɗaya. Ta zaunar da Godiya sosai a cinyarta, ta naɗe mata hannun riga har kafaɗa, ta riƙe ɗan damtsen ta miƙo min.

Ta ce, "Yau ma ni kaɗai ce. Za ki buɗe?"

Na buɗe.